Kafin ka ci bashin sayen MacBook, ka san abin da laftof ɗin hannunka za ta iya

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10. Kwamfutar da ke kanta ba ta mutu ba, za ka kunna ta kawo wuta kamar kullum, sai dai kamfanin ya daina aiko mata da gyare-gyaren tsaro kyauta, in ban da wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adin da zai ƙare ranar 13 ga Oktoban 2026. Shawarar da suka bayar ita ce kowa ya koma Windows 11. To amma Windows 11 tana da sharuɗɗa, kuma babba a cikinsu shi ne firosesar Intel ta zama daga ƙarni na takwas zuwa sama. Duba takardar da ke manne a jikin laftof ɗinka ko ka shiga bayananta: in ka ga i5-6300U, lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce ƙarnin, wato na shida ke nan, ba ka cikin waɗanda aka gayyata. In ka ga i5-8250U, ka tsallake. Da yawa daga cikin laftof ɗin tokumbo da ake sayarwa a Farm Centre ta Kano ko Banex ta Abuja, irin su HP EliteBook 840 G3 da ɗalibai ke rububi, 'yan ƙarni na shida ne.

Wannan ya faɗo ne a daidai lokacin da kowa ke cewa matasa su koyi rubuta manhaja. Tun ƙarshen 2023 ma'aikatar sadarwa ta tarayya ƙarƙashin Dakta Bosun Tijani ta ƙaddamar da shirin 3MTT, da burin horar da mutum miliyan uku, aka fara da 30,000 a rukunin farko. Ko ba ka shiga ba, ka san wanda ya shiga. Ga kuma masu koyarwa a YouTube da TikTok, kusan kowanne da MacBook a gabansa tana ƙyalli. Kai kuma da kake kallo daga ɗakin hostel, sai zuciya ta fara raya maka cewa abin da ya raba ka da su shi ne na'urar. Ka tambayi kuɗinta, ka tuna cewa dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin watan Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, sai jikinka ya yi sanyi.

Akwai hanyar da ta rage wannan tazara, kuma ita nake so mu tattauna, ni da kai, ko ni da ke. Turawa na taƙaita sunanta da VM. A Hausa mafi sauƙi a ce kwamfutar cikin kwamfuta. Ka ɗauki laftof ɗinka a matsayin gida. Sai ka yanki ɗaki ɗaya ka ba baƙo, da ƙofarsa da makullinsa, yana shan ruwan gidan yana amfani da wutar gidan, amma harkarsa daban. Mai gidan ita ce Windows ɗinka. Baƙon kuwa wata babbar manhajar ce daban, misali Linux, tana gudana a cikin taga guda kamar yadda kake buɗe Chrome. Ita a ganinta kwamfuta ce sukutum, ba ta ma san haya take yi ba. Abin ba sabo ba ne, tun shekarun 1960 kamfanin IBM yake raba manyan kwamfutocinsa haka. Kuma abin da ake kira gajimare yau, wato sabobin da Amazon da Google da Microsoft ke bayarwa haya, mafi yawansu irin waɗannan ɗakunan ne a cikin manyan injuna. In ka iya wannan a laftof ɗinka, ka riga ka taɓa ginshiƙin aikin da ake biyan mutane albashi a kai.

Me ya sa mai koyo zai damu da wata babbar manhaja bayan wadda yake da ita? Saboda abin da ka rubuta ba a kwamfutarka zai zauna ba. Shafin intanet da ka gina a kan Windows, ranar da za a ɗora shi duniya ta gani, kusan tabbas a kan sabar Linux zai sauka. Kuma su biyun ba halinsu ɗaya ba. Windows ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil. In ka ajiye hoto da sunan Tambari.png, a cikin kod ɗinka kuma ka kira shi tambari.png, za ta kawo maka shi ba musu. Linux kuwa a wurinta waɗannan abubuwa biyu ne mabambanta. Sai ka ɗora aikin, ka tura wa mai shi adireshi da alfahari, ya buɗe ya tarar da gurbin hoton fayau. Kai kana rantsuwa cewa a wajenka yana aiki, kuma gaskiya ka faɗa, amma shi ba wajenka ya biya kuɗi ya gani ba.

Ga wani misalin da ya fi shafarmu mu masu rubutu da ƙ da ɗ da ɓ. Ka taɓa shiga wani shafin Hausa ka ga an rubuta Æ™asa a maimakon ƙasa, ko É—aki a maimakon ɗaki? Ba aljanu ba ne. An ajiye rubutun ne da tsarin UTF-8, wanda ya san haruffanmu, sai wata manhaja ta karanta shi da tsohon tsarin Windows na harsunan Yammacin Turai, wanda bai san da zamansu ba. Shekara da shekaru Python yana yin haka: in ka buɗe fayil ba ka faɗi tsarin haruffa ba, a Linux ya ɗauki UTF-8, a Windows ya ɗauki na gargajiya. Layi ɗaya, sakamako biyu. Mai koyar da kai daga Amurka ko Indiya ba lallai ya taɓa cin karo da wannan ba, don darasinsa bai wuce haruffan Ingilishi ba. Kai da za ka gina manhajar makarantar Islamiyya ko shafin labarai da Hausa, kai zai cije. Da baƙon Linux a gefe, cikin minti biyu ka gwada a nan ka gwada a can, ka kama ɓarawon tun bai fita gida ba.

Labari mai daɗi shi ne kayan aikin sun zama kyauta. VirtualBox na kamfanin Oracle dama can kyauta yake. VMware Workstation Pro kuwa da kuɗi ake sayensa, kuɗi mai kauri, shi ya sa ake ta yawo da na sata a filashi. Bayan Broadcom ya saye VMware a watan Nuwamban 2023, sai a watan Mayun 2024 aka ce kyauta ne ga mai amfanin kansa, a Nuwamban shekarar kuma aka buɗe wa kowa, har 'yan kasuwa. Kada ka ɗauka tausayinka suka ji. Kamfanin ya mayar da hankali ne kan manyan kamfanoni masu biyan miliyoyi, mu ƙananan ba mu cikin lissafi. Amma dai sakamakon ɗaya ne: duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya saka maka fasasshen VMware yau, yana sayar maka da abin da aka bayar a banza ne, wataƙila har da ƙwayar cuta a matsayin gyara.

Akwai na uku, kuma ni a ganina shi ya kamata mafi yawan masu farawa su soma gwadawa. Microsoft da kanta ta saka Linux a cikin Windows, ana kiransa WSL, kuma zubi na biyu da ya fito a 2020 ƙaramar kwamfutar cikin kwamfuta ce mara nauyi. Ka buɗe PowerShell a matsayin mai iko da na'urar, ka rubuta wsl --install, ka sake kunna laftof, Ubuntu ta zauna. Ba za ka ga tebur mai hotuna ba, baƙin allo ne na rubuta umarni, amma shi ne ainihin abin da za ka tarar a kan saba. In burinka gina shafuka ne ko koyon Python, wannan ya ishe ka watanni. Cikakkiyar kwamfutar cikin kwamfuta tana zama dole ne in kana son ganin yadda manhajarka za ta bayyana a teburin Linux, ko kana son wurin da za ka yi ɓarna ba tare da ka taɓa gidan ba.

To kafin ka ƙona data, tsaya ka duba abu uku a laftof ɗin. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance. A ɓangaren CPU akwai layin da ke nuna ko Virtualization a kunne yake. In a kashe yake, sai ka shiga bayos lokacin da na'urar ke tashi, yawanci F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, ka nemo VT-x in Intel ce, ko SVM in AMD ce, ka kunna. Ba abin tsoro ba ne, illa dai kada ka taɓa abin da ba shi ka je nema ba.

Na biyu shi ne ram, kuma a nan ne ake yi wa mutane ƙarya. In giga 4 gare ka, kada ka wahalar da kanka. Windows kaɗai ta cinye fiye da rabi kafin ka buɗe komai, ita kuma Ubuntu 24.04 ta tebur giga 4 take nema ita kaɗai. Ɗaki ɗaya ne kake son ka raba wa magidanta biyu. Na'urar za ta yi ta nishi, fanka na kuka, linzami na daskarewa, ƙarshe ka yanke hukuncin cewa kai ne ba ka da ƙwaƙwalwar koyon kod, alhali ram ne bai kai ba. Wannan shi ne asarar da ta fi ba ni haushi, don mutum yakan bar abin gaba ɗaya a kan dalilin da ba nasa ba. Da giga 8 za a iya, ka ba baƙo 3 ko 4. Da 16 kuwa sai ka miƙe ƙafa. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne irin waɗannan tsofaffin laftof na ofis, EliteBook da Latitude da ThinkPad, da yawansu ana buɗe bayansu a ƙara ram. Kuɗin ƙarin bai kama ƙafar kuɗin sabuwar na'ura ba.

Na uku, ma'ajiya. In har yanzu tsohon faifai mai juyawa ne a ciki, canza shi zuwa SSD zai fi kowace dabara sa na'urar sauri.

Saka baƙon kansa ba wuya. Ka sauke VirtualBox daga shafinsa na asali, ka sauke fayil ɗin ISO na Linux ɗin da ka zaɓa, ka danna New, ka nuna masa fayil ɗin, ka yanka masa ram da rabin ƙwayoyin firosesa, ka ba shi fili kamar giga 40. Ubuntu na neman aƙalla 25. Filin ba a take yake cinyewa ba, yana girma ne gwargwadon abin da ka zuba. Bayan ya tashi ka saka Guest Additions, shi ke sa allon ya cika taga, ka kuma iya kwafo rubutu daga gida zuwa ɗakin baƙo. In ka ga ɗan koren kunkuru a ƙasan tagar VirtualBox, alama ce Hyper-V na Windows ya riƙe ragamar, baƙonka zai yi tafiyar kunkurun nan da gaske. Yakan faru ga wanda ya riga ya kunna WSL, shi ya sa ya fi kyau ka tsaya a kan ɗaya da farko.

Maganar data kuwa ba ƙarama ba ce, musamman tunda hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a watan Janairun 2025. Ubuntu 24.04 ta tebur ta kusa giga 6. Masu darasin YouTube sukan ce "sauke kawai", kamar ruwan famfo. Lubuntu ko Linux Mint wajen rabin haka ne, kuma sun fi sauƙi a kan tsohuwar na'ura. Dabarar da ta fi ita ce ku haɗu ku biyar ko goma, mutum ɗaya ya sauke da datar dare ko intanet ɗin makaranta, sauran su kwafa a filashi. Halal ne, lasisin Linux ya yarda a raba. Sai dai in ka karɓa daga hannun wani, ka gwada lambar SHA256 ta fayil ɗin da wadda ke shafin masu shi, don ka tabbatar ba a taɓa shi ba kuma bai yanke a hanya ba. Ka kuma sani baƙo na shan batir. In NEPA ta ɗauke, kada ka kashe shi da ƙarfi. Rufe tagar ka zaɓi a adana halin da yake ciki, in wuta ta dawo zai ci gaba daga inda ka tsaya.

Yanzu ga abin da ya sa nake ganin wahalar ta cancanta. Akwai abin da ake kira sinafshot: ka ɗauki hoton baƙon gaba ɗaya a daidai wannan lokaci, da duk abin da ke cikinsa. Ka je ka yi gwaji, ka goge abin da bai kamata ba, ka rikita komai, sai ka danna ka koma hoton nan kamar ba a yi ba. Mai koyo da ke da laftof ɗaya tak, wadda a cikinta furojet ɗinsa yake da hotunan bikin yayarsa, tsoro ne ke hana shi taɓa abubuwa. Wanda kuwa ba ya taɓawa ba ya iyawa. Sinafshot na cire wannan tsoron.

Yana kuma kare ka daga wani abin da ya fi ɓata fayil muni. A watan Nuwamban 2023 masu binciken tsaro na kamfanin Palo Alto Networks suka fallasa wata damfara da suka danganta da Koriya ta Arewa: ana tuntuɓar masu rubuta manhaja da sunan ɗaukar aiki, a turo musu kod a ce gwaji ne su kunna su gyara, ashe a ciki akwai abin da ke kwashe kalmomin sirri da asusun kirifto. Ka yi tunanin wa ya fi saurin faɗawa: matashin da ya gama kwas, yake ƙishirwar aikin dala, ga kuma walat a burauzarsa tun zamanin da aka yi ta dannan Hamster. Duk kod ɗin da ba ka san asalinsa ba, a ɗakin baƙo ake buɗe shi, ɗakin da ba ka shiga imel ɗinka ko bankinka a ciki ba, kuma ba ka haɗa shi da foldar gida ba. Ba katanga ce da ba a taɓa haurawa ba, amma ta fi barin ƙofa a buɗe nesa ba kusa ba.

Sai dai kada a zuga ka. Akwai abin da wannan hanya ba za ta yi maka ba, kuma shi ne ainihin abin da ya sa ake sha'awar MacBook. Flutter na Google da React Native na Facebook suna ba ka damar rubuta kod ɗaya ya zama manhajar Android da ta iPhone. Amma haɗa ta iPhone ɗin sai da Xcode, shi kuma a kan macOS kawai yake aiki, lasisin Apple kuma bai yarda a ɗora macOS a kan na'urar da ba tasu ba, ko da a matsayin baƙo ne. Za ka ga bidiyoyi masu cewa ga yadda za ka saka macOS a VirtualBox. Ko ka yi nasara, abin zai yi ta jan ƙafa, ya karye a sabuntawa ta gaba, kuma ka saɓa sharaɗin masu shi. Ba a gina sana'a a kan wannan. Hanyar da ta dace ita ce hayar Mac ta intanet a lokacin da ka buƙata: Codemagic da EAS na Expo da GitHub Actions duk suna haɗa manhajar iPhone a kan injunansu, kuma suna da matakin kyauta mai iyaka. Ka kuma tambayi kanka, su wa za su yi amfani da manhajarka ta farko? Leƙa hannun mutanen unguwarku: Tecno, Infinix, itel, Redmi, Samsung. Rajistar mai ɗora manhaja a Google Play dala 25 ce sau ɗaya, ta Apple dala 99 duk shekara. Ranar da ka samu mai aikin da ke son ta iPhone, a kuɗin aikinsa za ka saka wannan lissafin.

Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne saka Android Studio a cikin baƙo, sannan a kunna wayar kwaikwayo a cikinsa. Ita ma wayar kwaikwayon ai baƙuwa ce, ka ga ɗan haya ya sa nasa ɗan hayar ke nan a ɗaki ɗaya. Bar Android Studio a kan mai gida. Ka ma manta da wayar kwaikwayon: shiga saitin wayarka, ka danna Build number sau bakwai, ka kunna USB debugging, ka jona da waya. Gwaji a kan Tecno ta gaske mai ram kaɗan ya fi gaya maka gaskiyar yadda manhajarka za ta yi a hannun mutane.

Mu koma kan Windows 10. Baƙo ba ya kare mai gida. In gidan ya daina samun gyaran tsaro, duk ɗakunan da ke ciki suna cikin haɗari, komai kyawun makullinsu. Saboda haka mai laftof 'yar ƙarni na shida ko na bakwai yana da shawarar da zai yanke. Zai iya rajistar ƙarin wa'adin nan ya sayi lokaci. Zai iya bin dabarun tsallake sharuɗɗan Windows 11, waɗanda Microsoft ta ce ba ta da alhakin abin da ya biyo baya. Ko kuma ya juya lissafin: Linux ta zama mai gida, Windows ta koma baƙuwa, a kira ta sai in ana son gwaji. Microsoft na bayar da Windows 11 Enterprise ta gwaji ta kwana 90 kyauta, VirtualBox kuma tun zubi na 7 yana iya kwaikwayon guntun tsaron TPM da take nema. Ni wannan na fi karkata gare shi ga wanda ya ɗauki kod da gaske, amma ba ga kowa ba. In karatunka ya dogara da Photoshop ko Premiere ko CorelDRAW, kamar yadda yake ga da yawa daga cikinmu, waɗannan ba sa gudana kai tsaye a Linux, kuma a cikin baƙo mai giga 4 ba za su yi daɗi ba. Shi ya sa gwada Linux a matsayin baƙuwa tukuna yake da ma'ana: ka zauna da ita wata biyu, ka ga ko za ku daidaita, kafin ka ba ta gidan.

Masu shirya horo, na gwamnati da na masu zaman kansu, su ma akwai nasu a nan. Ana ƙirga mutum nawa suka yi rajista, ana raba satifiket, amma tambayar wace na'ura ce a hannun ɗalibin ba ta cika fitowa a jawabai ba. Cibiyar da ta ajiye filashi goma ɗauke da Ubuntu da Mint da VirtualBox, ta ware yini ɗaya a makon farko ana duba ram ana kunna VT-x, ta kuma yi ciniki da masu gyara a kasuwa a ƙara wa ɗalibanta ram a farashin sari, za ta riƙe mutanen da in ba haka ba za su sulale a mako na uku. In kana cikin irin wannan aji, kai ka kawo shawarar, ka nemi mutum huɗu ku raba kuɗin datar, ku sa ranar Asabar ɗin da za ku zauna ku saka tare.